Zinaren lefe: ɗan Italiya 18 ko ɗan Saudiyya 21? Waɗanda suka taɓa sayarwa ku taimaka

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ni aka ɗora wa haɗa lefen ƙanena, biki saura wata biyu. Atamfofi da lesuka duk sun shiga akwati, saura gwal. Amarya ta turo hoton irin siririyar sarƙar nan ta yayi, farin gwal mai ƙananan duwatsu, an ce ɗan Italiya ne karat 18. Hajiyarmu kuwa ta ce ita ba ta san wannan ba, jan gwal 21 na Saudiyya za a saka, don kadara ce ake ba yarinya. Kuɗin saiti ɗaya muke da shi, kuma a Kano za mu saya, babu mai tafiya waje a cikinmu. Wadda ta taɓa mayar da ɗayansu kasuwa, wanne ya fi riƙe kuɗinsa?

Hajiya Turai: Wa alaikumus salam. Ki ba da saƙo Dubai kawai, kasuwar gwal ta Deira. Can za ki ga zaɓi sai idonki ya gaji.

Ummu Sadiq: Hajiya ai ta ce babu mai tafiya. Maman Ilham, ni 21 aka saka min kuma ban yi nadama ba. Makon jiya na tambaya a Sabon Gari aka ce min giram dubu ɗari da sittin da biyar.

Zee Kaduna: A'a Anti, wannan farashin ya yi yawa. Ƙawata ta saya dubu ɗari da arba'in.

Alhaji Mai Gwal: Wancan 18 ta saya, ko kuma tsohon hannu ne. Bari in yi bayani tunda sana'ata ce. Ku duba jikin maƙullin sarƙa, akwai lamba: 750 shi ne karat 18, wato kashi 75 cikin 100 zinare ne; 875 shi ne 21; 916 shi ne 22. Ɗan Italiya ba jabu ba ne, garuruwan Arezzo da Vicenza sun yi suna a duniya wajen ƙera sarƙa, kuma 18 ya fi 21 tauri, ba ya saurin lanƙwasa. Matsalarsa kuɗin aiki. Ranar da za ki sayar, babu mai biyan ki aikin, duwatsun ma cire su za a yi kafin a ɗora a sikeli. Farin kuma akwai wani shafe da ake yi masa a sama, yana dusashewa, sai an sake wankewa.

Bilkisu A.: Ni lambar nan ita ta yaudare ni, don haka kada kowa ya dogara da ita. Saitin lefena 875 ne a rubuce, sarƙa da 'yan kunne da awarwaro biyu. Ranar da aka buɗe akwati sai da gwaggonnina suka yi guɗa, aka ba da tukwici mai kauri saboda shi. Shekaru ina ɓoye shi a ƙasan adaka, ko biki ba kowane nake sa shi ba. Bayan mun rabu ɗana ya kwanta asibiti, aka ce sai an yi aiki, na ɗauko shi na tafi kasuwa da ƙarfin gwiwata. Mutumin ya goga maƙullin a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, layin ya tsaya. Ya goga tsakiyar sarƙar, ya ɗiga, layin ya ɓace a gabana. Ya ɗan kankare cikin awarwaron da wuƙa, sai ga jan ƙarfe. Maƙulli da 'yan kunne ne kawai gwal. Yayar mijin ce ta sayo ta hannun wata dillaliya, har yau ban san ko ita aka cuta ko ni suka cuta ba. Sai da mahaifina ya sayar da tumakinsa aka yi wa yaron aiki.

Ummu Sadiq: Innalillahi. Allah ya saka miki 'yar'uwa. Yaron fa?

Bilkisu A.: Ya warke, alhamdulillahi. Amma duk wadda aka kawo wa gwal, ta kai a gwada tun kafin a watse biki.

Hajiya Turai: Haba 'yata, wa zai ɗauki kayan lefe ya kai gwaji? Ai dangin ango su ji, an fara zaman da rigima ke nan.

Bilkisu A.: Hajiya, kunyar nan ce ta kai ni inda na je.

Zee Kaduna: Ni dai shawarar mai sayarwa ba na ɗaukarta duka. Alhaji yana kushe ɗan Italiya ne don wataƙila 21 ne cike da shagonsa.

Alhaji Mai Gwal: Duka biyun ina da su, kuma ban faɗi sunan shago ba. Abin da zan ƙara shi ne a auna a gabanki, a rubuta miki rasit da nauyi da karat, a kuma yarda za a karɓa in kin dawo da shi. Game da farashi, a 2020 ne zinare ya fara haura dala 2,000 kowace oza (kimanin giram 31) a kasuwar duniya, a 2025 ya wuce 3,000 a watan Maris, ya wuce 4,000 a Oktoba. Ga naira da aka sakar wa kasuwa ta yanke darajarta tun Yunin 2023. Shi ya sa wanda ya tambaya yau da wanda ya tambaya wancan watan ba za su ji abu ɗaya ba.

Sani Gwauro: Duk wadda ta yarda da sarƙar ruwan gwal da zuciya mai kyau ta yi magana, lefe a shirye yake.

Zee Kaduna: Malam Sani, shi ya sa har yanzu kake gwauro.

Rabi Damagaram: Mu nan amare da yawa suna haɗawa da azurfar Agadas, aikin maƙeran Buzaye, kuma tana da kyau a wuya ƙwarai. Sai dai in maganar ajiya ce, gwal ba shi da na biyu. Nawa 21 ne na gaske, amma ina yake yanzu? Maigida ya ce in ara masa ya ƙara jari, zai mayar bayan girbi. Girbi nawa aka yi tun daga nan.

Ummu Sadiq: Kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ƙanwata haka aka karɓe nata, wai za a biya kuɗin haya. Da ta yi magana sai uwar mijin ta ce ai da ma ɗanta ne ya saya.

Malam Habibu: Wannan kuskure ne. Abin da aka ba mace kyauta ya zama nata, in miji ya ara bashi ne a kansa, ko ya mutu sai an fitar daga dukiyarsa kafin rabon gado. A rubuta, a sa shaidu.

Rabi Damagaram: Malam, wace mace ce za ta ce wa mijinta ya sa hannu a takarda?

Maman Ilham: Jama'a na gode, amma har yanzu ban ji wadda ta sayar da ɗan Italiya ta faɗi nawa ta yi asara ba.

Bilkisu A.: Rabi, ni da zan koma baya sai na sa an rubuta, ko da za a ce ba ni da kunya. Shi naki giram nawa ne ya karɓa?