Yaya aiki zai kira kansa kuma ya san inda zai tsaya?

Ɗalibi, Ngaundere: Assalamu alaikum malamai. A darasin tsara manhaja an nuna mana aiki (function, wato guntun umarni mai suna) yana iya kiran kansa. Na rubuta na faktoriyal a harshen Python, sai ya fito da RecursionError, saƙon kuskure cewa kiran ya yi zurfi da yawa. Mece ce ma'anar wannan dabara, kuma ina matsalar take?

Malamin lissafi, Garwa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Dabarar ita ce a warware matsala da ƙaramar irinta. 5!, wato faktoriyal na 5, shi ne 5 × 4!, 4! kuma 4 × 3!, a haka har a sauka kan 0!, wanda amsarsa 1 ce kai tsaye. Daga nan amsoshi ke hawowa: 1, 1, 2, 6, 24, 120. Dole akwai matsaya, kuma dole kowane kira ya matso kusa da ita. Duba ko n − 1 ka tura a kiran. Duba lambar da ka shigar ma: in matsayarka n == 0 ce, ka ba shi −3 ko 2.5, zai tsallake sifili ya yi ta gangarawa.

Mai tsara manhaja, Injamena: Malam ya yi daidai, sai dai ko lafiyayyen aiki yana iya cin karo da kuskuren nan. Duk kiran da bai kammala ba yana riƙe wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, an jibge su kamar buhunan gero, ba a ɗauke na ƙasa sai na sama ya tafi. Python ta kayyade zurfin a 1000, don haka faktoriyal na 2000 zai faɗi. Ana ɗaga iyakar da sys.setrecursionlimit, amma ni ban ba da shawarar ba. Madauki na for, mai maimaita umarni ba tare da kiran kai ba, ya wadatar a nan.

Malama, Marwa: Ɗana, ka kula da maimaici kuma. Fibonacci na 30 (jerin lambobin da kowace take jimillar biyun da suka gabace ta), in an rubuta shi da kira biyu, n − 1 da n − 2, sai ya yi kira 2,692,537, domin yana sake lissafa abin da ya riga ya lissafa. Adana kowace amsa da lru_cache, kayan aikin Python mai tuna amsoshin baya, lissafi 31 kacal za a yi. Inda kiran kai ya fi dacewa shi ne bin jakunkunan fayil da ke cikin juna, ko PGCD (lamba mafi girma da ke raba lambobi biyu ba saura) ta hanyar Yuklid: 48 da 18, 18 da 12, 12 da 6, 6 da 0, amsa 6.