An goge min labari a zauren WhatsApp, ina neman dalili

Ummu Hanan: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wallahi raina a ɓace yake. Jiya da daddare na ɗora shafi na 12 na labarina, da asuba na tarar an goge, ko a neme ni a gaya min dalili ba a yi ba. Ga waɗanda ba su bi ba: yarinya ce 'yar shekara 15, uwarta ta rasu, matar uba ta kulle ta a sito cikin buhunan gawayi, ana turo mata ƙanzo ta ƙasan ƙofa. Da dare tana jin muryar mahaifiyarta na kiran sunanta daga rijiyar tsakar gida, ban kuma gaya wa mai karatu ko aljani ne ko yunwa ce ta fara taɓa mata hankali ba. Abin da ke riƙe da ita tilawar izu biyun da ta haddace, da zanen kwanaki da take yi da ƙusa a jikin bango. Uban kuwa kullum ta ƙofar yake wucewa zuwa masallaci. Na faɗa kuma ina nan a kan bakana: irin wannan labarin ban tsoro ya fi na soyayya amfani ga 'yan sakandare, domin wadda ake yi wa haka a gida za ta gane ba ita kaɗai ba ce, kuma ba laifinta ba ne. Wa ya goge?

Hajiya Turai: Wa alaikumus salam. Ni kalma ɗaya na gani: matar uba. Kullum matar uba! 'Ya'yan abokiyar zamana huɗu na riƙe bayan rasuwarta, ni na yaye autan, ni na yi wa babbar kayan ɗaki. Sai yanzu yarinya ta ɗauki waya ta karanta cewa mu dodanni ne?

Ummu Hanan: Hajiya ban ce duk ba. Mace ɗaya ce a labari ɗaya.

Hajiya Turai: Da ɗaya ake farawa, 'yar nan.

Maman Affan: Gaskiyar Hajiya. Ni 'yar mijina tun da ta fara karance-karancen nan ko abinci na zuba mata sai ta shinshina. Ku marubuta kuna raba gidaje ba ku sani ba.

Deejah Zariya: Anti, in yarinya tana shinshina abincinki, ba littafi ya kamata ki tambaya ba.

Maman Affan: Me kike nufi? Fito fili ki faɗa!

Malam Sabo: A yi haƙuri 'yan uwa. Ba Ummu Hanan ta fara ba. Tatsuniyoyin da kakanninmu suka yi mana cike suke da 'yar bora da 'yar mowa, da marainiyar da ake aika wa rafin Dodo wanki, ba wanda ya ce an ɓata tarbiyya. Sannan a watan Agustan 2020 kowa ya ga hoton yaron nan na Birnin Kebbi da aka ɗaure cikin dabbobi shekara biyu. A watan dai aka fito da wani matashi a Kano da ya shekara bakwai a kulle a gidansu. Wannan ba ƙagaggen labari ba ne.

Hajiya Turai: Yawwa Malam, ka kawo kanka. A na Kebbin da wa da wa aka kama? Har da uban! Amma ku maza sai ku ce matar uba, ku tsame kanku.

Malam Sabo: Hajiya ai ban wanke uban ba.

Ummu Hanan: Abin da na rubuta ke nan fa! Uban da ke wucewa ya ji kuka ya ƙi tsayawa shi ne abin tsoron labarin. Don Allah wa ya karanta har ƙarshe a cikinku?

Maman Affan: Ba sai na karanta ba. Sunan kawai ya isa.

Baban Yusra: Ni dai "matar uba" ɗin ma rashin ladabi ne. A gidanmu Umma muke cewa, ba ka bambance wa ta haifi wa.

Deejah Zariya: To a labari sai ta rubuta "Umma ta kulle ta a sito"? Ai sai ku ce ta zagi iyaye mata gaba ɗaya.

Baban Yusra: Shi ya sa a 2007 gwamnatin Malam Shekarau ta ƙona irin littattafan nan ƙarƙashin A Daidaita Sahu. Da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i na iya shiga WhatsApp da tuni an huta.

Deejah Zariya: An ƙona, sai aka daina dukan marayu? Ku Kanawa komai sai ashana.

Baban Yusra: Kar ki sako Kano a bakinki. Wa ya koya muku rubutun littafin in ba Kano ba?

Feenat: Don Allah ina da tambaya. Ni 'yar aji biyar ce. Akwai ƙawata da abin da ke labarin nan ya yi kama da nata, ba a kulle ta ba amma sai ta kwana biyu ba a ba ta abinci ba. Ita ta turo min shafin. Ina ake kai ƙara?

Malam Sabo: Ƙanwata, ta fara gaya wa malamar da ta yarda da ita ko dangin mahaifiyarta. Akwai mai unguwa, akwai Hisbah, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa. Dokar haƙƙin yara tana nan tun 2003, Kano ma ta sa hannu a tata a 2023.

Maman Affan: Kun gani ko? 'Yar aji biyar a zauren manya! Wa ya sako ta?

Zee Marubuciya: Ni fa abin da ban gane ba, in don taimakon yara kike yi, me ya sa daga shafi na 15 sai an biya?

Ummu Hanan: Ke Zee ki rufa wa kanki asiri. Littafina na baya wa ya fitar da shi zauruka kyauta? Kin zaci ban sani ba?

Zee Marubuciya: Kawo shaida! Wallahi in ba ki kawo ba ban yafe ba.

Deejah Zariya: Ai kowa ya san ke da Maman Affan bakinku ɗaya tun rigimar gasar bara.

Hajiya Turai: Ni dai ba a ba ni amsa ba. Ina labarin matar uba ta ƙwarai? Wa zai rubuta shi?

Anti Admin: Ya isa haka. Ni na goge shafin, kuma ga abin da na fahimta daga muhawarar nan. Mafi yawan 'yan zaure sun nuna cewa labarin ya ci zarafin matan uba, waɗanda da yawanmu a nan su ne, muna kuma riƙon amana tsakani da Allah. Hajiya Turai ta kawo hujja daga rayuwarta, ba wanda ya iya ture ta. Malam Sabo da kansa ya yarda laifin iyaye maza ne. Batun cewa labarin tsoro na taimakon yara, ra'ayin marubuciyar ne kawai. Don haka Ummu Hanan za ta iya ci gaba in ta canja matar uban zuwa 'yar aiki ko maƙwabciya. Deejah ki nemi afuwar Maman Affan da Kanawa. An cire Feenat saboda shekarunta. Maganar Zee ku same ni ta bayan fage. Na rufe zaure sai bayan Isha'i.