Neman shawara kan mayar da waƙar Suwidin zuwa kiɗan metal

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka san harkar tsara kiɗa, domin na maƙale a aikin sake rera wata waƙa ta harshen mutanen Suwidin da salon metal, wato kiɗan Turawa mai ƙarfin amo da ake yi da jitar lantarki da ganguna.

An gina waƙar a kan polska, kiɗan rawar gargajiyarsu mai bugu uku, kuma a irin wadda nake aiki da ita bugun ba su kai juna tsawo ba, domin na farko gajere ne, na biyu kuma ana ɗan jan sa. A ganina wannan jan shi ne ran waƙar. Idan na ɗora ganguna a kan ma'aunin 3/4 na kwamfuta, wato bugu uku masu tsawo ɗaya, sai komai ya miƙe, rangwaɗar ta ɓace. Idan kuma na bar bugun yadda yake, gangar ƙafa mai saurin bugu ba ta haɗuwa da jita.

Akwai kuma batun nyckelharpa, gogen nan mai maɓallai wanda ke da tsirkiya 16, 12 daga ciki ba a goga su, amsa amo kawai suke yi. Da na mayar da karinsa kan jita mai kaurin sauti, sai ƙananan kwalliyar karin suka nutse.

Shin ya fi dacewa in tsara ma'aunin da hannu, bugu bayan bugu, ko in sa makaɗi ya buga ba tare da na'urar ƙidayar bugu ba? Kuma wace hanya ce za ta fito da karin gogen ba tare da na rage nauyin jitar ba? Na gode.