Neman kalmar Hausa: me za mu kira «fidélité» ta masu sayayya a manyan kantunan ƙawa?

Mai fassarar labarai, Zinder:

Assalamu alaikum, malamai da iyayenmu ƴan kasuwa. Ina neman shawararku a kan wata kalma da ke yawan fitowa a labaran tattalin arziki, wadda Faransawa ke kira fidélité, masu Ingilishi kuma loyalty, idan ana maganar mutumin da ya riƙe kanti guda yana sayayya a cikinsa shekara da shekaru, kantin kuma yana saka masa da maki da rangwame da wasu alfarmomi. Labarin da ya taso da ita shi ne na manyan kantunan ƙawa na Amurka. A watan Disamba na 2024 kamfanin da ke da Saks Fifth Avenue ya kammala sayen Neiman Marcus da Bergdorf Goodman a kan kusan dalar Amurka miliyan 2,700, kuma duk lokacin da irin waɗannan kantuna suka koma hannu ɗaya, tambayar farko da masu katunansu ke yi ita ce makomar makin da suka tara da alfarmar da suka saba samu. Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a 2025, bai kamata mu ci gaba da jefa kalmar Faransanci a tsakiyar jimla muna wucewa ba. Abubuwa uku nake so mu raɗa wa suna: halin mai sayen, abin da kantin ke ba shi, da katin da ya haɗa su. Na ga wasu suna rubuta «biyayyar abokan ciniki», amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba.

Tsohon malamin Hausa, Birni:

Wa alaikumus salam, ɗana. Zuciyarka ta yi gaskiya, domin biyayya tana tafiya ne daga ƙasa zuwa sama, daga ɗa zuwa uba ko daga talaka zuwa sarki, alhali matar da ke kashe dubban daloli a kanti ba a ƙarƙashin mai kantin take ba, shi ne ma ke rusuna mata. Za a kawo maka «amana», kuma ita ce nake so ka fi yin hattara da ita, saboda daɗinta a kunne. Amana tana ɗaure ɓangare biyu, wanda ya karya ta kuma ya ci amana, ana jin kunyarsa a gari. A wannan tsari kuwa kantin yana rubutawa tun farko cewa yana da ikon canza sharuɗɗa ko soke su, mai saye shi ma yana iya komawa wani kanti gobe ba wanda zai kira shi maci amana. Idan ka rubuta «katin amana», ka ara wa kamfani rigar da bai ɗinka ba.

Kalmar da nake ba ka ita ce «sabo». Bahaushe yana cewa ya saba da mai nama kaza, ko ya saba da tela kaza, ma'ana ƙafarsa ta san hanyar wurin, an san shi, an san abin da yake so, ba tare da an ƙulla wani alkawari ba. Kalmar ba ta yabo ba ta zargi, ga shi kuma magabata sun riga sun rataya mata gargaɗi da suka ce sabo turken wawa, wanda ya dace da mutumin da ke ci gaba da zuwa wuri bayan amfanin zuwan ya ragu.

Hajiya mai atamfa, Kasuwar Dole:

Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na yarda da sabo, domin haka muke faɗa a rumfa. Abin da kantin ke bayarwa kuma ba sai an wahala wajen ƙirƙira masa suna ba, sunansa gyara. Mai gero idan ta auna tiya ta gama, takan ƙara ɗan tafi a sama; mu masu atamfa mukan rage jaka guda ga wadda ta daɗe tana saye a wurinmu, ko mu ɓoye mata sabon zane kafin ya fito fili, ko mu ba ta kaya gabanin salla ta biya bayan wata ya yi. Abin da nake so ku lura da shi, gyara ba haƙƙi ba ne. Mai saye yana iya cewa a yi masa gyara, amma ba ya kai ƙara gaban alƙali don an hana shi, kuma idan kaya suka yi tsada kowa ya san gyara ne ke fara raguwa kafin a taɓa mudu.

Ma'aikacin banki, Zengou:

Hajiya, da izininki zan ɗan ja da gyara, ba don kalmar ba ta yi kyau ba, sai don kada ta ɓoye inda kuɗin ke fitowa. Gyaranki daga ribarki kike cire shi. Na kantunan Amurka kuwa yana rataye ne da katin bashi, kuma bashin a yau galibi ba na kantin ba ne. Cikin irin waɗannan kantuna, Macy's ta sayar wa bankin Citigroup harkar katunanta a 2005, Nordstrom kuma ta sayar wa bankin TD bashin katunanta a 2015, kantunan kuma suna ci gaba da samun kasonsu daga abin da katunan ke kawowa, wanda babban ɓangarensa kuɗin ruwa ne da tarar jinkirin biya.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Tsarin tara maki na InCircle da Neiman Marcus ta ƙaddamar a 1984 ya daɗe yana ba mai kati maki 2 a kan kowace dalar Amurka, maki 10,000 kuma su zama takardar sayayya ta dala 100, wato sai mutum ya kashe dala 5,000 kafin ya samu 100, kashi 2 cikin ɗari ke nan. Ina tunatar da masu karatu cewa dalarsu nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Kuɗin ruwan katunan kantuna da yawa a Amurka ya haura kashi 30 cikin ɗari a shekara, wanda idan aka raba shi wata-wata ya kai kashi 2 da rabi. Saboda haka wanda ya bar bashinsa ya zarce wata guda kacal yana biyan kuɗin ruwa ya riga ya mayar da duk abin da aka ba shi har da ƙari. Masu biya cif a ƙarshen wata su ne ke cin moriyar, masu jinkiri kuma su ne ke biya musu ba su sani ba.

Sharuɗɗan kuma ba sa zama wuri guda. Neiman Marcus ta shafe shekaru ba ta karɓar kowane kati a kantunanta sai nata da na American Express, sai a 2011 ta buɗe ƙofa ga Visa da Mastercard. A watan Mayu na 2020 kuma, lokacin annobar korona, ta nemi kariyar kotu daga masu binta bashi. Macy's ta sake fasalin tsarinta na Star Rewards a 2017, ta ware kashi 5 cikin ɗari ga waɗanda ke kashe dala 1,200 ko fiye a shekara da katinta, sauran kuma ƙasa da haka. Nordstrom ta fito da Nordy Club a 2018, inda marar kati ma ke tara maki, amma shiga babban rangwamen shekara kafin kowa ya kasance na masu kati. A nan ne dalilin sauye-sauyen yake: kanti yana auna abin da kowace alfarma ke ci masa da abin da take jawo masa, banki yana yin nasa lissafin, kuma idan kantuna suka haɗe ko bashi ya yi musu yawa sai a sake zama. Shawarata ita ce ko me za ku kira alfarmar, kada kalmar bashi ta ɓace daga sunan katin. Na ji ana cewa «katin lamuni», amma lamuni yana da taushi, yana nuna wani ya tsaya maka, alhali a nan kai kaɗai ne za ka biya.

Ɗaliba a Jami'ar André Salifou:

Baba Malam, ina da tambaya a kan sabo ta fuskar rubutu. A baki babu matsala, domin karin sauti yana raba sabo na shaƙuwa da sabo kishiyar tsoho, amma a rubuce ba ma sa alamar karin sauti. Idan aka rubuta «sabon ciniki», duk mai karatu zai ɗauka ciniki ne da bai daɗe da farawa ba, wato kishiyar abin da ake nufi. Ga kuma waɗanda wayoyinsu ba su da haruffa masu ƙugiya, a wurinsu saɓo ma sabo suke rubuta shi. Gyara ita ma tana da nata cikas, tunda «tsarin gyara» zai iya zama na gyaran hanya ko na gyaran doka. Me zai hana mu ɗauki tukuici ko garaɓasa?

Tsohon malamin Hausa, Birni:

Ƴata, Allah ya yi miki albarka, kin kama wurin da ya kamata a kama. «Sabon ciniki» ba za ta yiwu ba, na janye ta tun kafin wani ya rubuta. Maganin yana cikin nahawu: kada a ɗora wa sabo harafin mallaka, a bar shi ya zo da «da» a bayansa ko ya zo a ƙarshe. «Sabo da kanti» ba ya rikicewa da komai muddin an raba kalmomin, an kiyaye kada su manne su zama «saboda». «Katin sabo» shi ma lafiya lau ne, domin mai nufin kati sabo zai ce sabon kati. Maganar saɓo kuwa laifin mai rubutu ne da ya yar da ƙugiya, ba na kalmar ba, ko da yake malaman fiƙihu da suka ji lissafin ɗan'uwanmu na banki ba za su yi saurin gyara masa kuskuren ba.

Tukuici ba ta dace ba, domin wanda aka kawo wa kyauta ne ke ba ɗan aike, wato ta kan bi hanyar da ba ita muke nema ba. Garaɓasa araha ce da ta faɗo wa kowa a rana guda, ba ta tambayar shekarun da ka yi kana zuwa. Lada kuma a bar ta a inda take. Gyara ce kaɗai ta haɗa abubuwa ukun da ake bukata: tana biyo bayan ciniki, tana hannun mai sayarwa, kuma tana ƙaruwa da sabo. Sai a ce «gyaran ciniki» a karon farko cikin labari, daga nan «gyara» kawai ta wadatar.

Akwai wani abu da zai taimaka wa mai fassara ya gane dalilin da ya sa su suka bukaci kati da maki, mu ba mu bukata ba. Wannan nau'in kanti, tun daga Le Bon Marché na Paris da ɗan kasuwa Aristide Boucicaut ya shiga harkarsa a 1852, an gina shi ne a kan farashi rubutacce a jikin kaya, babu tayi, babu albarka, babu sallamawa. A ganina, inda aka kashe tayi an toshe ƙofar da mai kaya ke bi ya fifita wanda ya sani, shi ya sa daga baya suka buɗe wata ƙofar ta takarda da lissafi. Hajiya tana riƙe da sunayen masu sayenta a ka, kanti mai rassa a birane da yawa kuwa sai na'ura ta tuna masa. Don haka ban ga laifi ba a ba tsarinsu sunan abin da yake kwaikwayo, muddin an bi shawarar ɗan'uwanmu an ambaci bashin a fili.

Mai fassarar labarai, Zinder:

Na gode, iyayena. Ga abin da zan riƙa amfani da shi: halin mai saye «sabo da kanti», alfarmar «gyaran ciniki», katin tara maki kawai «katin sabo», wanda ake cin bashi da shi kuma «katin bashi na kanti». Maki yana nan a matsayinsa, kowa ya san shi tun daga makaranta. Na gwada su a jimlar labari don a ji ko suna zama a baki: «Babban kantin ya rage gyaran cinikin da yake ba masu katin bashinsa, abin da ya sa ake tambaya ko sabo da kantin zai isa ya riƙe su.» Na karanta ta da ƙarfi, ba ta yi mini tuntuɓe ba. Saura matakan da suke kasa masu saye a ciki, na azurfa da na zinariya da na sama da su. Ina tunanin «daraja», sai dai ina tsoron ta yi nauyi ga abin da adadin kuɗin da mutum ya kashe kaɗai ke sayo masa.

Hajiya mai atamfa, Kasuwar Dole:

Ɗana, ka ce «aji», kamar yadda ake cewa a jirgi, ajin farko da aji na biyu, tunda wanda bai kashe abin da aka yanka a shekara ba ana mayar da shi baya. Sannan ka gyara mini abu guda a jimlarka. Babban kanti a nan Damagaram yana iya zama na shinkafa da mai da sukari, mai sauraro ba zai gane wurin turare da jakunkuna da kayan sawa masu tsada kake nufi ba. Ka ce «kantin ƙawa mai sassa» a farkon labarin, ɓangaren takalma daban, na turare daban, na kayan ɗaki daban, sa'an nan ka ci gaba da cewa kanti.