Sharhin kyamara ya koma maimaici a wurina, ina zan karkata tashata?

MaiSharhi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina sharhin kyamara a YouTube, yanzu kuma na zo neman shawara. Masu kallo suna nan daidai gwargwado, ba su ne damuwata ba. Damuwata ita ce tun kafin in buɗe kwalin sabuwar kyamara na riga na san abin da zan faɗa: tana kama ido da sauri, hoton dare bai cika yashi-yashi ba, batir ya ƙara ƙwari, bidiyo ya yi kyau. Sunan kyamarar kawai nake canzawa.

Ga kuma tsarin da kowa ya sani. Kamfani ya ba ka aron kyamara na 'yan kwanaki, da sharaɗin ba za ka ce uffan ba sai rana kaza, ƙarfe kaza. Lokacin na cika, bidiyoyi su zubo a tare. Duk mun ɗauki bangon bulo don gwada kaifin hoto, duk mun sa wani ya taho da gudu don gwada fokas. Wanda ya kalli uku daga ciki, me zai ƙaru da shi a nawa?

A da akwai abin faɗa. Canon 5D Mark II ta 2008 ta sa masu ɗaukar hoto sun fara yin fim da kyamarar hannunsu. Sony A7 ta 2013 ta saka babbar sensa, wato farantin da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, a ƙaramin jiki marar madubi a ciki, har Canon da Nikon suka biyo sahu a 2018. Yau kusan duk wadda ka ɗauka a kasuwa ta fi ƙarfin buƙatar mai ita. Ina son kyamara, ba na son barin aikin nan, amma na rasa abin da zan riƙa faɗa da zai amfani mutum. Ku taimaka.

Anti_MaiHoto:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ce irin wadda kuke yi wa sharhin, domin da kyamara nake ci nake sha. Kuma gaskiya abin da nake nema ba ya cikin bidiyon ranar farko.

Ina so in san yadda kyamarar take bayan ta shekara a hannu. Robar wurin riƙo ta fara ɗagowa? Ƙofar katin ajiya ta saki? Idan na yi dogon bidiyo a ɗaki mai zafi, za ta mutu a daidai lokacin da ba a maimaitawa? Ƙura tana yawan zama a sensa in ana canza lens a waje? Sannan ga abin da na daɗe ina jiran wani ya tsaya a kansa da gaske: mutum mai duhun fata sanye da fararen kaya, a tsakiyar rana. In ka buɗe haske don fuska ta fito, kayan su ƙone su zama fari fat babu zare babu ninki. In ka rage don kaya, fuska ta nutse. Kullum da wannan nake fama, kuma a nan ne kyamarori ke bambanta da juna ƙwarai, amma yawancin gwaje-gwajen da nake gani ba su ma taɓo shi ba.

Ka kuma tuna cewa kyamarar yanzu tana canzawa bayan an saye ta. Nikon Z9 ta fito a ƙarshen 2021, sai a 2022 aka sabunta manhajar cikinta ta samu damar ɗaukar ɗanyen bidiyon 8K, wato bidiyo mai tsananin kaifi da kyamara ba ta sarrafa ba, da ba ta da shi a farko. Duk wanda ya yi sharhinta a makon farko, wata kyamarar ya yi wa. Wa ya koma ya sake?

Malam_Awo:

Anti ta yi magana mai kyau, amma ina da ja a wuri ɗaya. Kada gajiya ta sa ka jefar da awo. Na ga masu sharhi da yawa da suka ce sun gaji da lambobi, suka koma yawo da kyamara suna cewa "tana da daɗin riƙewa", mai kallo ya tashi bai san komai ba. Gwajin da ake maimaitawa iri ɗaya, a haske ɗaya, shi ke ba mutum damar kwatanta wannan da waccan. Ka tuna yadda hankalin mutane ya tashi a Maris 2023 da Amazon ta ce za ta rufe DPReview, shafin intanet na sharhin kyamara. Abin da ake jin tsoron rasawa shi ne taskar gwajin da aka tara tun 1998, kafin kamfanin Gear Patrol ya saye shafin.

Kuma kasuwar ta canza, ba kai kaɗai ba ne. Alƙaluman CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, sun nuna an fitar da kyamarori kusan miliyan 121 a 2010, a 2023 kuwa ba su kai miliyan 8 ba. Waya ta kwashe masu ɗaukar hoton yau da kullum. Waɗanda suka rage sun san abin da suke nema, kuma da yawansu tsohuwa suke saye. Ɗauki Nikon D700 ta 2008 mai megafiksel 12, ka gwada ta da awon da kake yi wa sabuwa, ka nuna a ina ta gaza, a ina kuma har yau ba a bar ta a baya ba. Wannan babu kamfanin da zai sa maka ranar magana.

Matashiya22:

Yaya, mu dai ba megafiksel ke jan mu ba. Fujifilm X100V ta yi tashe a TikTok har ta yi wuyar samu, kuma ƙawayena ƙananan tsofaffin kyamarori masu filasha suke nema saboda launinsu. Ba wanda ya yi mana bayanin me ya sa hoton yake fitowa haka. In ka yi, zan kalla.

MaiSharhi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, awon zai zauna, ba zan yar da shi ba, sai dai zan ƙara masa gwajin duhun fata da fararen kaya, in riƙa yi wa kowace kyamara, tsohuwa da sabuwa, a haske iri ɗaya. Na san in na daina tseren ranar farko aron kaya zai iya raguwa, masu kallo ma su ragu na wani lokaci, kuma wannan yana ba ni tsoro. Amma dai zan gwada.

Anti, wata alfarma nake nema. Za ki yarda in bi ki wurin aiki in ɗauki yadda kike fama da hasken nan, idan masu hoton sun amince? Kuma wace kyamara ce a hannunki yanzu, tun yaushe take aiki?