Wai su ma masu tsibirin dutse teku na cin ƙasarsu kamar mu a Legas?

Dan_Agege:
Salam 'yan uwa. Ƙanina da ke aiki a Malabo, can ƙasar Equatorial Guinea, ya turo min bidiyon bakin tekunsu, wallahi yashin baƙi ƙirin kamar an daka gawayi, ga baƙaƙen duwatsu ko'ina. Ya ce tsibirin nasu na Bioko gaba ɗayansa aman wutar dutse ne ya samar da shi. To tunda su a kan dutse suke zaune ai ruwa ba zai iya cinsu ba ko? Mu nan kowa ya ga abin da teku ya yi wa Bar Beach, yanzu kuma mutanen Alpha Beach da Okun Ajah ke ta kuka.

Malam_IdiAraba:
Wa alaikumus salam. Yana cinsu mana, salon cin ne ya bambanta. Bioko da Principe da Sao Tome da Annobon duk a layi ɗaya suke da Dutsen Kamaru, narkakken dutse ne ya yi ta fitowa yana sandarewa har ya ɗago saman ruwa, shi ne igiyar ruwa ke niƙawa ya zama wannan baƙin yashin. Inda dutsen ke da tauri ruwa ba ya kwashe shi lokaci ɗaya, ta ƙasa yake rarake gindinsa a hankali ya yi kogo, shekara da shekaru, wata rana sai saman ya rufto gaba ɗaya. Inda kuma toka ce ta taru ta daskare, nan kam ba ta da ƙwari, ga ruwan sama mai yawa ga gangare, zaftarewa take yi.

Baban_Khalifa:
Malam ka bar babbar matsalar. Ni tifa nake ja, yashi sana'ata ce. Ƙaramin tsibiri ba shi da manyan koguna masu kawo yashi, ɗan wanda ke bakin ruwa shi ke nan, kuma shi ake kwasa a buga bulo. A Sao Tome ɗiban yashin gini na cikin abin da ya fi lalata musu gaɓa. In ka kwashe, me zai tare ruwan?

Malam_IdiAraba:
Gaskiyarka Alhaji. Namu ma ai yunwar yashi ce. Legas babu dutse a gaɓa, yashi ne zalla, kuma ruwa na tura shi daga yamma zuwa gabas. Da Turawan mulkin mallaka suka jibge duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa farkon ƙarni na 20 don kar yashi ya toshe hanya, sai ya riƙa taruwa ta ɓangaren yamma, Bar Beach ta daina samu. Yanzu katangar Eko Atlantic, sabon birnin da aka cike teku ake ginawa, ta kare Victoria Island, na gabas da ita kuma suna cewa su ruwan ya koma wa, ana dai ta musu a kai.

Hajiya_Obalende:
Ni Limbe ta Kamaru nake zuwa saro kaya, can ma yashin baƙi ne. Kusa da Bakingili an nuna min inda aman wutar Dutsen Kamaru na 1999 ya gangaro ya datse titin bakin teku, tulin baƙin dutse ya fi mota tsayi, sai da aka karkatar da hanyar. Ni dai gara ruwan Legas da wannan wlh.

Dan_Agege:
Na gode ƙwarai. Baban Khalifa, ku yashin da kuke lodi daga lagun ake haƙo shi ko daga teku?