Arzikin mai ya ƙi rage talauci: ina gizo ke saƙa?

Malam Habu, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun 1956 aka gano man fetur a Oloibiri da ke jihar Bayelsa ta yanzu, kuma har yau shi ne ke samar wa Najeriya mafi yawan kuɗin ƙasashen waje, amma a 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskar abinci, lafiya, ilimi da muhalli, akasarinsu a Arewa. Shin akwai ƙasar da ta dogara da albarkatun ƙasa kamar tamu, kuma ta rage talauci da gaske? Ta yaya?

Hajiya Rabi, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Malam. Akwai, kuma Indunusiya ta fi kama da mu. Haƙar mai ba ta ɗaukar ma'aikata da yawa, saboda haka kuɗin aljihun gwamnati yake shiga, ba gidan talaka ba, sai in da gangan aka kai masa. Lokacin da farashin mai ya tashi a shekarun 1970, su sun zuba kaso mai tsoka a taki, noman rani, hanyoyin karkara da makarantun firamare sama da 60,000, har zuwa 1984 suka wadata kansu da shinkafa. Mu kuwa a daidai wannan lokacin muka bar dalar gyada ta Kano ta ɓace, muka rungumi shigo da kaya saboda naira tana da daraja sosai.

Alhaji Isa, Mile 12:
Hajiya ta yi gaskiya, amma noma kaɗai bai isa ba. Ku zo kasuwarmu ta Mile 12 a nan Legas da asuba ku ga yadda ake sauke tumatirin Kadawa: kwanduna ne a jibge kan juna bayan kwanaki a hanya, na ƙasa duk sun murƙushe, ruwansu na zuba daga gefen tirela. Dillali zai cire kuɗin gas, da la'ada, da abin da direba ya biya a shingaye tun daga Kano, sannan ya aika wa manomi ragowar, wadda wani lokaci ko kuɗin takinsa ba ta mayar. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin dako ya ƙara hauhawa. Matuƙar babu hanya mai kyau, da ɗakunan sanyi, da masana'antar tumatirin gwangwani kusa da gona, manomi zai yi ta noma, ɗansa kuma ya zo Legas yana dako ko faci.

Malam Yakubu, Obalende:
Ni a ganina, Alhaji, matsalar tana gaba da haka. Norway ta kafa asusun ajiyar kuɗin mai a 1990, ta kuma ɗaure hannun gwamnati da ƙa'ida kan abin da za ta iya ci duk shekara. Mu ma mun buɗe asusun rarar mai a 2004, amma aka yi ta rabe shi tsakanin tarayya da jihohi har ya kusa ƙarewa. Ga shi kason da jihohi ke karɓa duk wata daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan cire tallafi. Malam Habu, kai da ke zuwa gida akai-akai, ka ga alamar ƙarin nan a asibitin garinku ko a farashin taki?